Shuni a Kan Zakarun Ɗantani

Mandawari, Kano
19 ga Satumba, 1999

Zuwa ga baiwata Safiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ubangidanki, ko kin so ko kin ƙi, tunda ubana ne wa, uwarki ƙanwa. Ina fata Maiduguri na riƙe da ku lafiya, ke da Goni Hamza da yara, da matan da kike karɓar haihuwarsu a asibiti. Mu nan sai godiya. Uwargida Ladi ta yi mura ta warke. Gwaggo Ya Kaka, mahaifiyarki, tana nan garau. Maganin hawan jinin da kika aiko ta hannun Isiyaku direba tana sha, in ban da ranar da ta ce ita ta gaji ko da maganin bai gaji ba.

To, ga labari. Kin san ni ba na zama in ga kasuwa tana wucewa ta ƙofar gidana. Ni da na bar sakandare a aji uku na fara da tallan zare a kan tire, yau shaguna biyu gare ni a Kantin Kwari, kuma babu wanda ya ɗora ni. Tun ranar da soja suka koma bariki na zauna na yi tunani. Farar hula ba sa taro sai da ci. Kansila ya ci zaɓe a yi walima, ya faɗi a je jaje a ci. Me za a ci? Kaza. Shi ya sa a watan Yuli na sayo 'yan tsaki ɗari biyu, maza zalla, irin waɗanda gidajen gonar Kudu ke rabuwa da su da araha don ba za su yi ƙwai ba. Nufina su isa yanka daidai ƙaramar Sallah.

A saman benena na ajiye su, benen da 'yan unguwa suka ce ɓarnar siminti ce. Na kewaye da waya, na rufa kwano, na zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa. Na sa dogayen fitilun lantarki guda huɗu, in an ɗauke wuta inji ya karɓa, don su yi ta ci dare da rana. An ce mini daga unguwar Sheshe ana hango hasken. Ban sa don a gani ba, amma ban hana kowa kallo ba.

Sai dai da suka fara zama samari, zanko ya fito a ka ya yi ja, murya ta fara fashewa, rigima ta tashi. Wannan ya sari wancan, wancan ya tsige gashin na kusa da shi. Ladi ta ce majalisa na buɗe a sama. Gwaggo kuwa, da yake ɗakinta ne a ƙarƙashinsu, ta ce tunda take ba ta taɓa jin zakaran da bai san asuba ba sai nawa, in dai ban yi wani abu ba za ta ɗaure kayanta ta bi Isiyaku. Kin dai san bakinta.

Ki gaida Goni. Ki ce masa ya daina sayen kaza, Sallar bana a wuyana take.

Ubangidanki,
Alhaji Muhammad Auwal Ɗantani


Maiduguri
3 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga Ɗantani,

Wa alaikumus salam. Na ga ka jera sunaye uku da Alhaji a sama, kamar allon shago. Ni dai Ɗantani na sani, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya yana ja mini loma. Muna lafiya, yara suna gaishe ku. Goni ya ce a yi maka godiya, amma sai ya ga kazar a tukunya.

Na yi dariyar majalisarka, sai da na zo layin Gwaggo dariyar ta tsaya. Na karanta shi ya fi sau uku. Ɗantani, mai hawan jini ba a wasa da barcinta. Inji yana ruri, fitila ba ta mutuwa, zakaru ɗari biyu suna tsalle a kan rufinta, ka ce tana nan garau? Gwaggo ba ta ƙorafi. Matar da ta yi wata guda da ciwon haƙori ba ta faɗa wa kowa ba, in har ta buɗe baki ta ce za ta ɗaure kaya, to abin ya kai mata.

Ka san na daɗe ina son ta dawo wajena, kunyar zama gidan suruki ce take hana ta. To Goni ya gama ɗan sashen nan na baya, ƙofarsa daban, sai ta yi mako ba su haɗu ba. Kai ka riƙe ta shekaru, Allah ya saka maka, ba na mantawa. Ita ma ta riƙe ka tun kana goye bayan rasuwar mahaifiyarka, na san abin da take a wajenka. Amma ni ma ita ta haife ni, kuma aikina ne in san abin da rashin barci ke yi wa tsoho.

Bayan ƙaramar Sallah Goni zai shigo Kano sayen littattafai a kasuwar Kurmi. Ina ganin ya taho da ita. Ka yi tunani, kada ka amsa mini da zafi.

Taubashiyarka, ba baiwarka ba,
Safiya


Mandawari, Kano
17 ga Oktoba, 1999

Safiya,

Bayan gaisuwa, kowa lafiya. Gwaggo ta ci tuwon dawa da miyar kuka jiya har ta nemi ƙari, in wannan ma za ki rubuta a katin asibiti.

Kin ce kada in amsa da zafi, to ga ta nan da sanyi. Ɗakin da Gwaggo take ciki ni na gina shi, tun kafin in gina nawa. Fanka biyu ne a ciki. Banɗakinta a jikin ɗakin, babu tsohuwar da ke da irinsa daga nan har bakin titi. Na rubuto miki wasa irin na gida, kin ɗauke shi kin kai ɗakin tiyata.

Maganar zakaru kuma na riƙe ta da hannu biyu. Da farko na lura akwai wani ƙato mai baƙin wutsiya, shi ne ke tayar da fitina. Na sa masa suna Sarkin Yaƙi, na kama shi, Ladi ta yi mana farfesu. Na ce shi ke nan. Washegari sai ga uku suna kokawar gadon kujerarsa, faɗan ya fi na da. Na yanka wanda ya yi nasara. Wani ya hau. In taƙaita miki, mun ci sarakuna goma sha ɗaya, har Ladi ta ce in na sake shigo mata da zakara ni zan fige abina.

Saboda haka na sake dabara, kuma wannan tawa ce, ba a littafi na gani ba. Matsalar ita ce duk kamarsu ɗaya, in ka ga mai laifi ka juya ka ɗauko kwando ya ɓace a cikin 'yan'uwansa. Sai na kwaso ƙyallayen jan yadi daga shago na yayyanka, duk wanda na kama yana saran wani in ɗaura masa a gindin fiffike. Yanzu daga bakin ƙofa ina gane masu laifi. Kafin wata ya ƙare za ki ji an ce saman benen Ɗantani ya fi masallaci shiru.

Batun tafiya kuwa, ni ban taɓa ɗaure kowa a gidana ba. Ranar da Gwaggo ta ce da bakinta za ta tafi, ba zan tsaya a ƙofa ba.

Ki gaida yara.

Ɗantani


Maiduguri
1 ga Nuwamba, 1999

Ɗan'uwana Ɗantani,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Wasiƙarka ta zo, na kuma gode. Wallahi na ɗauka sai mun yi wata uku muna jan magana, sai ga shi ka ce ba za ka tsaya a ƙofa ba. Ka girma, ubangida. Yau ɗaya na kira ka da shi, kada ka saba.

Na sa an yi wa sashen fenti. Na sayi gado maras tsawo saboda gwiwarta, Goni ya dasa mata dalbejiya a bakin ƙofa. Yara har rigima suke a kan wa zai riƙa kwana wajenta. Don Allah ka karanta mata wannan takardar, ta san ana shirinta, ta fara ware abin da za ta ɗauka a hankali.

Sarakuna goma sha ɗaya! Allah ya ji ƙan Ladi da figa.

Taka,
Safiya


Maiduguri
6 ga Disamba, 1999

Ɗantani,

Lafiya kuwa? Sau biyu Isiyaku yana zuwa hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce ya je shago aka ce kana gida, ya je gida aka ce kana sama, ya ɗaga murya ka leƙo ka ce a gaishe ni, hannayenka a cikin aljihu. Ya ce ya ga Gwaggo a tsakar gida tana tsince wake, wannan ne ya kwantar mini da hankali.

In fushi kake ka faɗa. Azumi ya ƙarato, ba na son mu shige shi da abu a rai. Ko layi biyu ne ka rubuto.

Safiya


Mandawari, Kano
22 ga Disamba, 1999

Zuwa ga Safiya,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Duk muna lafiya. Gwaggo ta nace sai ta yi azumi, na ce likitar Maiduguri ta hana, ta ce likitar Maiduguri ita ta yi mata wankan jego. Tana yi, kuma ƙarfinta ya fi nawa. Ba fushi nake ba. Aiki ne ya sha kaina, ga kuma alƙalami yana ɓata takarda in na riƙe, za ki ji dalili.

Takardarki na karanta mata tun ranar da ta zo, daga sama har ƙasa, ban tsallake ko dalbejiyar ba. Da na gama ta dube ni ta ce, “To.” Na jira ko akwai saura. Ta ci gaba da jan carbinta. Ni ma na ce to, na tashi.

Yanzu zakaru. Dabarar jan ƙyalle ba ta yi ba, kuma ba laifin dabarar ba ne, laifin zakara ne da bai san doka ba. Kwana biyu da ɗaurawa na hau na tarar duk masu jan ƙyallen, waɗanda su ne 'yan ta'addan, sun koma lungu an yi musu taron dangi. Biyar sun mutu. Sauran bayansu duk jini. Ranar ban je kasuwa ba. Na ɗauki kujera na zauna a sama tun hantsi har la'asar, ina kallo kawai, kamar yadda nake kallon mai saye kafin in faɗa masa farashi.

Abin da na gani shi ne, zakara ba mugu ba ne, ido ne da shi. Duk abin da ya yi ja sai ya kai masa baki. In ɗigon jini ya fito, na kusa ya sara, jinin ya ƙaru, goma su taho. Wato ni da hannuna na rataya musu alamar a zo a ci. Na kuma ga fitilun nan sun hana su hutawa, kowa a tsaye kamar mai jiran mota. Wurin ya yi musu kaɗan tunda sun girma, mazubin abinci kuma shida ne kacal, ƙarami ba ya samu sai ya kutsa ta ƙarƙashin babba.

Sai na shiga gyara. Na cire fitilun gaba ɗaya, na bar ƙaramin ƙwai guda a bakin matakala, inji ya huta, 'yan Sheshe su nemi wani abin kallon. Na rataya buhuna ta ɓangaren da rana ke dukan su. Na sayar wa mai gasa kaji na bakin titi guda arba'in don wuri ya samu. Sauran na raba su uku da waya, manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, kuma na daina taɓa shugabansu, tunda na gane in ka bar sarki ɗaya a kujerarsa kowa ya san matsayinsa. Na tsaga tsofaffin jarkoki na ƙara mazubi. Na ɗaura ganyen kabeji da alayyahu a igiya suna lilo, mai jin ƙaiƙayin baki ya je can ya huce.

Faɗa ya ragu ƙwarai. Saura masu rauni. In na ware su suka fara warkewa na mayar, ɓawon ciwon ja ne, sai a sake buɗe shi. Ba ni da wurin da zan ajiye talatin daban har Sallah. A nan ne sana'ata ta yi mini rana. Ni mai yadi ne, na san launi. Fari ba ya rufe ja, rawaya ba ya rufe shi. Shuɗi ne kaɗai ke cinye ja har a rasa inda yake.

Na san abin da za ki ce, don haka bari in riga ki. E, na je Ƙofar Mata. A mota na je, da babbar riga. Rabona da shiga marinar nan tun rasuwar Baba, ba don komai ba sai don ba ni da abin yi a can. Rijiyoyin da yawa an daina aiki da su, amma warin nan yana nan yadda kika san shi. Wani tsoho yana tsoma zane, ya ɗago ya dube ni ya ce, “Ɗan Mikail ne wannan?” Na ce Alhaji Auwal ne na Kwari. Ya ce, “E, shi nake nufi. Tafiyar ubanka ce da kai.” Na ce shuni nake so. Ya ce na zanen amarya ko na rawani? Na ce na zakara. Sai da ya ajiye zanen ya zauna don dariya, ya kira na rijiyar kusa ya ce zo ka ji ɗan Mikail zai rina kaji. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Ruwan rijiyar ban ɗebo ba, yana da toka, zai ci musu ciwo. Wannan ba sai an gaya mini ba. Curin shuni na kawo, na daka shi ya yi laushi, na kwaɓa da man kaɗanya. Na fara shafawa da tsumma a bakin tsinke, ba ya shiga ƙarƙashin gashi. Dole sai da yatsa. Kowace safiya in hau, in kama mai ciwo, in shafe masa zanko da ƙeya da gadon baya. Safiya, ko ɗaya ba a sake sara ba. Zakara ya zo da gudu, ya duba, ya ga shuɗi, ya juya ya tafi wajen kabeji. Yaran unguwa sun sa musu suna Buzaye. Man yana sa ciwon ya yi laushi ya warke, in an fige kuma naman fes, na gwada a kan biyu.

Illar ɗaya ce, hannuna. Ya rine har wuyan hannu, farcen ya yi baƙi. A kasuwa cikin aljihu nake ajiye su, yaron shago ke auna yadi. Wani dillali ya miƙo hannu mu gaisa na ce ina da alwala, ya tsaya yana kallona don bai ga abin da ya haɗa ba.

Shekaranjiya da shan ruwa Ladi tana wajen suya, sai ni na kai wa Gwaggo kununta. Na manta na miƙa mata kofin haka nan. Ba ta karɓi kofin ba, hannun ta kama. Ta juya shi ciki, ta juya shi baya, ta bi farcen ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta. An gama kiran salla tana riƙe da shi, kunun har ya fara hucewa. Na ce, “Gwaggo, maganin kaji ne.” Ta ce, “Na sani.” Ta sha kununta, amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Na gane. Sallama ce take yi mini, ba ta son furtawa. Ɗakinta yanzu shiru, zakaru sai asuba suke cara kamar na kowa, amma gyaran ya zo a makare. Ba komai. Na ce ba zan tsaya a ƙofa ba, kuma ni ba na magana biyu.

Ki gaya wa Goni ya zo da mota mai wurin kaya. Kununta na tsamiya ne, sukari kaɗan, kuma ba ta sha a kofin roba. Ba ta son a kashe mata rediyo ko ta yi barci. In ta ce ba ta jin sanyi ƙarya take, a rufa mata bargo. Man zafin gwiwarta zan riƙa aikowa ta hannun Isiyaku, na wajenku ba shi da kyau.

Ɗan'uwanki,
Ɗantani


Maiduguri
19 ga Janairu, 2000

Zuwa ga Sarkin Marinan Kaji,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Goni ya iso jiya da la'asar. Na fito da gudu, yara a bayana, na buɗe ƙofar baya na tarar da littattafai. Na buɗe but ɗin motar, zakaru huɗu masu shuɗin kai suka zuba mini ido. Uwata na aika a ɗauko, aka kawo mini Buzaye.

Ba zan ɓoye maka ba, na shiga sashen nan na zauna a bakin gadon na yi kukana. Da na gama na wanke fuska na ce Goni ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ya ce kai ba ka nan, wai ka ce kana da uzuri a kasuwa, alhali Ladi ta ce tun safe kana sama ka rufo ƙofa. Don haka ba ka ji abin da aka yi ba, bari in ba ka.

Ya ce ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mota na waje. Ta ce wace mota? Ya ce ta tafiya, ba an karanta mata takarda ba? Ta ce, “An karanta. Ɗantani ya tsaya a kaina ya karanta da muryar mai labaran rediyo, har da dalbejiya. Na ɗauka shi ne ya gaji, ya haɗa baki da 'yar'uwarsa. Mutum ya gaji da kai a gidansa me za ka ce ban da to?” Goni ya ce ai ke kika ce za ki ɗaure kaya. Ta ce, “Ni da nake faɗin haka tun yana ɗan shekara bakwai in ya ƙi wanka? Na faɗa ne ya hau ya duba dabbobin da ya tara yana wa mutane taƙama da fitila.”

Goni dai bai saki ba, don na ja masa kunne. Ya yi mata maganar asibiti kusa, da jikoki, da gado. Ya ce da ya gama sai ta ce, “Goni, ka gaida Safiya, ka ce Allah ya yi mata albarka. Ni da Yaya Mikail muka tashi, shi ya riƙe ni bayan ubanmu. Ban taɓa ganin hannunsa fari ba, har a likkafani da shuninsa ya tafi. Yaron nan tun da 'yan makaranta suka yi masa dariyar farce ya rantse ba zai ƙara taɓa rini ba, na ce shi ke nan, hannun gidanmu ya ƙare. Shekara ashirin da wani abu rabona da ganin hannun nan. Yanzu kullum shi ke miƙo mini kunu. Ina za ni?”

Ka ji. Ba fankarka biyu ba ce, ba banɗakin ba ne.

Na haƙura, amma da sharaɗi. Fitilun nan kada su dawo. Duk wata a kai ta a auna jininta a rubuto mini. Hutuna na watan huɗu a wajenku zan yi shi, ni da yara, ka tanadi wuri da sarakunan da za mu ci.

Sannan da ka tambaye ni tun farko da ban bar ka ka sha wahala ba. Muna da wani shuɗin magani a asibiti da ake shafa wa miki, aikin da shuninka yake yi shi ma zai yi, ba daka ba kwaɓi. Ga kwalba biyu nan wajen Isiyaku, da safar hannu irin tamu, don Alhajin Kwari ya samu ya riƙa gaisawa da mutane.

Taubashiyarka,
Safiya


Mandawari, Kano
30 ga Janairu, 2000

Zuwa ga baiwata Safiya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. An auna Gwaggo ranar Talata, malamar asibiti ta ce jininta ya fi na wasu 'yan arba'in kyau, ga takardar nan na haɗo miki.

Ni dama ban taɓa shakkar za ta zauna ba. Ranar da Goni ya zo kuwa waya ce ta kwance a sama, gyara nake yi, Ladi ba ta san aikin maza ba.

Zakaru sun ƙare tas tun jajibirin Sallah, in ban da huɗun da na ware muku. Har daga Sheshe ake aiko yara, wai a ba su irin masu shuɗin kan nan, an ce sun fi daɗi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wani sabon kansila ya ɗauki ashirin, kin ga lissafina bai faɗi ƙasa ba. Na yi odar wasu, amma ɗari da ashirin kawai, kuma na mayar da akurkin ta saman ɗakin ajiya. Gwaggo ta ce in bar mata guda ɗaya ta kanta saboda asuba.

Watan huɗu muna jiranku. Ki taho da tsintsiyarki, aikin baiwa yana nan yana jira.

Kwalaben sun iso, na gode. Na ba Ladi ta ajiye saboda yara in sun faɗi. Kajina sun saba da na Ƙofar Mata, ba na son in canja musu, kuma tsohon nan ya riga ya ajiye mini curi uku, babu daɗi in bar masa. Safar hannun ma na gani. Ta yi mini kaɗan.

Bari in tsaya nan, Gwaggo na kira, kununta ya sauka.

Ubangidanki,
Ɗantani ɗan Mikail